GUMINTA, SUNANSA — SHAFI NA 27

Na ga ƙorafinku tun safe. Masu cewa da gangan na yanke labari a bakin imel, wallahi caji ne ya ci amanata. Ku kuma da kuka shigo yau, ga inda muke: Auta ta shekara bakwai tana aiki a wata ƙungiya mai gyara ƙananan asibitoci, a ƙarƙashin mijin yayarta, wanda kowa ke kira Darakta. Wata tara ke nan tana karatun jarrabawar ƙwarewa ta gudanar da manyan shirye-shirye. Saura kwana goma sha takwas ta zauna, sai ga saƙo daga hukumar jarrabawar.

Ku gyara zama.

*

Sau huɗu Auta ta karanta saƙon, ko Allah zai sa kalma ɗaya ta canza.

Ba ta canza ba.

Cikin ladabi suka rubuto, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo. Suka tuna mata cewa ba a barin kowa ya zauna jarrabawar sai ya rubuto bayanin shirin da ya jagoranta da kansa. To, bayanin da ta aiko ya zo daidai da na wani mai nema, kalma da kalma, har wurin waƙafi. Kuma na wancan ya riga nata isowa da kwana uku. Saboda haka an dakatar da kujerarta. An ba ta kwana bakwai ta kawo hujjar cewa aikin nata ne, in ba haka ba a haramta mata jarrabawar, a sa sunanta cikin masu maguɗi.

Masu maguɗi. Ita.

Ta kalli teburinta. Ga littafin nan mai kauri da bangonsa ya yage har ta liƙe shi da salatif. Ga katunan tambayoyi ɗaure da roba, na haɗurra daban, na masu ruwa da tsaki daban. Wata tara ba ta san hanyar gidan ƙawa ba. Kowace Asabar sai ta kulle ɗaki awa huɗu cur tana gwajin tambayoyi, tun tana cin hamsin da takwas cikin ɗari har ta kai tamanin da ɗaya. Mama har ta fara gaya wa baƙi cewa autarta ta yi aure, littafi ne angon.

Bayanin kuwa da ake cewa ta kwafa, rayuwarta ce ta shekara huɗu. Asibitoci goma sha huɗu, ayyuka uku a cikin shiri guda: wutar sola, ruwan famfo, da horar da ungozoma. Ta san asibitin da makullin sitonsa sai an ɗaga ƙofa yake buɗewa. Ta san ungozomar da ba ta magana a taro sai an biyo ta waje.

Ta share gumin tafin hannunta a jikin siket, ta ce wa kanta abin mai sauƙi ne. Hujja suke so. Hujja ta farko kuwa ita ce wasiƙar shugabanta, wanda ya ga aikin da idonsa, wanda kuma yake cin abinci kwano ɗaya da danginta.

Ta miƙe ta nufi ofishin Darakta.

Tana ƙwanƙwasawa ta tura ƙofa, kamar yadda ta saba. Yana tsaye a kan kwamfutarsa, ya danna wani abu da sauri, sannan ya juyo da fara'a ya ce ta shigo. Ta zauna ta zayyana masa komai. Ya yi salati. Ya girgiza kai. Ya ce duniya ta lalace, mutane ba sa tsoron Allah. Amma da ta roƙi wasiƙar, sai ya fara jan magana: ai irin wannan ba a yi masa gaggawa, ta bari ya yi nazari, ta dawo ranar Litinin.

Ta ce kwana bakwai kawai aka ba ta.

Kafin ya amsa, firintar da ke kusurwa ta farka. Tsohuwa ce, sai ta yi minti biyu tana tunani kafin ta yi aikin da aka sa ta. Ta yi tari, ta turo takarda ɗaya.

Shekara bakwai Auta na tashi ta ɗauko masa takarda daga bakin firintar nan. Ƙafarta ce ta tashi, ba ita ba.

"Bar shi," in ji shi.

Ya makara. Takardar na hannunta.

Tambarin hukumar jarrabawa. Ladabin nan dai. Kwana bakwai ɗin nan dai. Abu ɗaya ne ya bambanta da nata: sunan da ke sama.

Ta ɗago kai a hankali.

"Yallaɓai, wannan sunanka ne."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe. Ba ta koma kujera ba.

Shi ne ya zauna. Ya cire tabarau ya murza ido, ya fara magana da muryar da yake yi wa baƙi bayani a taro. Ya ce masu ba da tallafi sun canza sharaɗi. Daga sabuwar shekara, duk wanda zai shugabanci shirin dole ya riƙe takardar shaidar nan. Shi kuwa ya ba hamsin baya, ya shekara ashirin a wannan aiki, ina ya ga lokacin zama yana tsara labarin abin da ya wuce? In bai samu takardar ba, za su kawo wani daga waje. Ko kuma su ɗauko na ƙasa su ɗora a sama.

Da ya faɗi wannan, ita ya kalla.

A nan ta gane. Duk watannin nan da yake tambayarta yaya karatu, ba kulawa ba ce. Ƙirga mata kwana yake.

"Shirin nan a ƙarƙashina aka yi shi," ya ce. "Me na sata?"

"A asibiti na tara, me ya sa muka canza wurin tankin ruwa?"

Ba ta jira amsa ba, ta ƙara:

"Ungozoma nawa suka gama horo a zangon farko?"

"Auta, ba a kotu muke ba."

"Yana shafi na biyu na abin da ka aika musu. Ko karantawa ba ka yi ba."

Jijiyar goshinsa ta tashi, amma ya danne. Ya ja aljihun tebur ya fito da wata takarda, ya tura mata da yatsa biyu. An riga an buga ta tsaf, wurin sa hannu kawai ya rage. A ciki ita Auta ce ke magana. Tana shaida wa hukuma cewa mataimakiya ce kawai, ita ta taya shugabanta buga bayaninsa, sai ta aika nasa a matsayin nata. Tana neman afuwa.

Ya ce in ta sa hannu, iyakaci su dakatar da ita shekara ɗaya ko biyu. Yarinya ce, me shekara ɗaya za ta rage mata? Shi zai san yadda zai share mata hawaye a nan ofis. Sannan ya tuna mata wanda ya kawo ta ƙungiyar nan lokacin da take yawo da takardu a jaka, rana na dukanta, babu mai kallonta.

Auta ba ta ji rabin maganar ba. Idonta na kan kwanan watan da ke saman takardar.

Jiya.

Ashe tun jiya nasa saƙon ya iso. Jiya da yamma kuwa ya kai yaransa gaida Mama, ya same ta a tsakar gida da katunanta, har ya karɓi ɗaya ya yi mata tambaya, ta amsa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Alhali ya riga ya buga wannan takardar.

Ta ninke ta gida huɗu ta sa a jaka. Ta ce za ta duba.

Ya saki numfashi, har da ɗan murmushi. Ya ce dama ya san ita mai hankali ce.

Tana riƙe da hannun ƙofa ta juyo.

"Abu ɗaya. Ban taɓa sa bayanin nan a kwamfutar ofis ba. Ban taɓa tura wa kowa ba. Ta ina ya zo hannunka?"

Ya mayar da tabaransa, ya jawo wani fayil ya buɗe.

"Ki tambayi yayarki."

*

Akwai fushin da ke sa mutum ya fasa kofi. Akwai kuma wanda ke sa shi ya gyara mayafi, ya gaida mai gadi, ya tuƙa mota a hankali yana ba kowa hanya. Irin na biyun ne ya kai Auta ƙofar gidan yayarta da rana tsaka.

Yara na makaranta. Yaya na falo tana guga, kayan makaranta jibge a kan kujera, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Shekara goma sha biyu ta ba Auta. Ita ta yi mata kitson farko, ita ta raka ta aji ɗaya ranar da ta ƙi shiga.

Ta ɗago ta ga fuskar ƙanwarta. Ba ta tambayi lafiya ba. Ta mayar da ido kan rigar da take gogewa.

Wannan kaɗai ya isa amsa.

Wata uku da suka wuce aka yi wa Yaya aiki a ciki. Auta ta ɗauki hutu ta tare a gidan nan sati biyu. Ita ce wanka, ita ce girki, ita ce kai yara makaranta da ɗauko su. A kan ƙaramin teburin da ke gefen gadon Yaya ta rubuta bayanin nan. Da ta gama ta karanta mata da baki, tana fassara mata wuraren da suka yi tsauri. Yaya ta yi hawaye, ta ce ina ma Baba na raye ya ji. Washegari Yaya ta nemi lambar buɗe kwamfutar Auta, wai ko yara za su kalli katun su bar ta ta huta.

Auta ta kashe rediyon.

"Yaushe, Yaya?"

Dutsen guga ya je, ya dawo.

"Ranar da kika fita sayo min magani."

Auta ta tuna ranar. Kemis uku ta shiga kafin ta samu. Ruwan sama ya kama ta a hanya, ta shigo a jiƙe, Yaya ta ce sannu, Allah ya ba ki masu yi miki.

Yaya ta ce shi ya ce dubawa kawai zai yi, ya ga yadda ake tsarawa. Auta ta tambaye ta ko ta yarda da hakan. Yaya ta ce ba ta tambaya ba. Matar aure ba komai take tambaya ba.

Daga nan kuma sai murya ta canza. Kunya in ta rasa wurin ɓuya, faɗa take komawa. Yaya ta ajiye dutsen guga ta fuskance ta. Ta ce tunda tone-tone aka zo yi, to a yi. Da Baba ya rasu, wa ya bar makaranta saura shekara ɗaya ya gama? Wa ya zauna a kan keken ɗinki har bayansa ya ƙage, don wata ta sa fararen safa ta tafi aji? Ta ce ba gori take yi ba, ba ta taɓa yi ba, yau ma dole ce ta sa.

"Ke kina da digiri. Kina da mota. In kin bar nan gobe wani wuri zai ɗauke ki. Ni me nake da shi? Shi. Shi da kujerar nan tasa. Yara huɗu ke cin abinci a ƙarƙashinta."

"Na sani."

"To shekara ɗaya kawai ake roƙonki."

"Ba shekara ake roƙona ba, Yaya. Sunana ake roƙo. In rubuta da hannuna cewa ni ɓarauniya ce."

"Wa zai gani? Mutanen da ba su san ki ba?"

"Ni zan gani."

Auta ta matso, ta yi ƙasa da murya, don abin da za ta faɗa ya fi ƙarfin ihu.

Ta ce da Yaya ta kira ta ɗaki ta ce mijinta na cikin matsala, wallahi da ta zauna ta koya masa littafin nan babi-babi. Da ta taya shi tsara nasa bayanin, don shi ma yana da abin da ya yi a shekara ashirin. Kai, da an ce ta jinkirta nata zuwa wani zango, da ta jinkirta, ta ce ladan zumunci ne. Babu abin da Yaya za ta roƙa ta hana ta.

"Amma ba ki roƙa ba. Kin aike ni kemis, kin buɗe min jaka."

Idon Yaya ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta tambayi Auta ko dai za ta sa hannun.

"Ki gaya masa zan amsa musu. Hujja suka ce in kawo, zan kai. Har da fayil ɗin batura."

Yaya ba ta san mene ne fayil ɗin batura ba. Mutum biyu kawai suka sani a duniya.

Shekara biyu da suka wuce, kwamiti ya zauna ya zaɓi ɗan kwangilar da zai kawo baturan sola. Darakta ya soke zaɓin, ya ba wani abokinsa. Ba a yi wata biyar ba batura suka fara mutuwa. A asibiti na shida firijin allurar rigakafi ya kwana uku a kashe, duk abin da ke ciki ya lalace. Wata mata ta haihu a hasken fitilar waya. Auta ce ta yi sati uku tana zarya har aka canza su, ita ce kuma ta rubuta rahoton da ya ce matsalar kaya ce aka samu daga masana'anta. Ta rufe maganar, saboda matar da ke tsaye a gabanta yanzu. Amma ta haɗa takardun ta ɗauki hotonsu ta adana, ba ta sake buɗewa ba, don ko tunawa ba ta son yi.

Ko ba ta gane ba, Yaya ta ji nauyin maganar. Ta kama wuyan hannun Auta.

"Gidana za ki rusa?"

"Mai gidan ne ya fara haƙa a ƙarƙashinsa. Ke kika riƙe masa fitila."

Ta zare hannunta. Tana kaiwa ƙofa ƙauri ya biyo ta. Dutsen guga ne, an bar shi kife a kan rigar ƙaramin yaron. Ba ta juya ba.

*

Ba ta koma ofis ba. Ta wuce gida, ta samu Mama ta fita unguwa, ta gode wa Allah. Ta yi la'asar, ta shiga ɗaki ta murza makulli. Ta kashe ƙarar waya ta kife ta a kan gado, kamar yadda take yi ranar gwaji.

Sannan ta ɗauko farar takarda ta ja layi.

Wata tara ana koya mata cewa ba a fara aiki da zuciya. Sai an rubuta manufa, an san wa abin zai shafa, an lissafa abin da zai iya lalacewa. To, ga ranar amfanin karatu ta zo. Ta yi wata 'yar dariya da ita kanta ba ta ji daɗinta ba.

Ta kasa hujjojinta kashi biyu.

Kashi na farko nata ne. Tarihin fayil ɗin a kwamfutarta, mai nuna ranar da ta fara rubutu da duk gyaran da ta yi, sau goma sha ɗaya. Saƙonninta da shugabannin asibitoci na shekara huɗu. Bayanan taro da ita ta jagoranta. Wasiƙar godiya daga ungozoma, da sunanta a kai. Wannan kaɗai ya isa ya wanke ta tas. Za a mayar mata da kujerarta, shi kuma a hana shi jarrabawa, maganar ta mutu tsakaninsa da hukuma. Zai ji kunya a ɗaki, ya fito ya ci gaba da zama Darakta har ƙarshen shekara, ya samu lokacin neman wata dabara.

Kashi na biyu shi ne batura. Hukumar jarrabawa ba ta tambaye shi ba. Ba ta buƙatarsa. Auta ta san haka sarai, ba ta yaudari kanta ba. Wannan ba wanki ba ne, yanka ne.

Ta rubuta haɗurran a jere. Yaya ba za ta sake yi mata magana ba. Mama za ta yi kuka, ta ce ta haifi mai raba zumunci. Dangi za su taru a kanta. Aikin ma wataƙila ta rasa shi. A gaban kowanne ta rubuta: na ɗauka.

Da ta zo kan yaran, biro ya tsaya.

Babbar tana aji biyar na sakandare, tana so ta zama likita. Ƙaramin kuwa ba ya cin abinci in Anti Auta na gidan sai ita ta ba shi. Su me suka yi? Ta ajiye biron. Ta tura fayil ɗin batura gefe. Ta ce a ranta, bari dai ta wanke kanta kawai, sauran ta bar shi da Allah.

Har ta fara rubuta amsar, sai ta ga ya kamata ta haɗa da wasiƙar da ya ba ta, hukuma ta ga abin da aka so ta sa wa hannu. Ta ciro ta daga jaka ta warware. A ofis kwanan watan kawai ta gani da kyau. Yanzu ta karanta layi-layi.

A sakin layi na biyu ta ci karo da shi.

"Hakan ya faru ne saboda ƙarancin ƙwarewata, kasancewar ban taɓa jagorantar wani shiri da kaina ba."

Ta sake karantawa.

Shi ya zauna ya tsara wannan. Shi da ta shekara huɗu tana rubuta masa jawabi, tana tura masa amsa ta waya a ƙarƙashin tebur in baƙi sun ƙure shi da tambaya. Shi da ta rufa wa asiri ranar da mace ta haihu a duhu. Sace gumin bai ishe shi ba, sai ya sa ta ce da bakinta ba ta taɓa yin gumin ba.

Tausayin da ya taso ɗazu ya koma inda ya fito.

Ta jawo fayil ɗin batura ta liƙa a jikin saƙon. Shafi arba'in da ɗaya. Ba ta buɗe ba, ai ta san abin da ke ciki: zaɓin kwamiti, rahoton asibiti na shida, hoton firijin, sunan kamfanin abokin nasa. A layin waɗanda za su samu kwafi, ta ƙara adireshin wakiliyar masu ba da tallafi, matar nan da ba ta dariya, wadda ta taɓa rufe wani shiri gaba ɗaya saboda takarda ɗaya ta ƙarya.

A ƙasan takardar haɗurran saura layi ɗaya: me zai iya yi min?

Ta yi tunani iya tunaninta. Ta rubuta: babu.

Ta karanta saƙon sau biyu, ta gyara waƙafi ɗaya. Ta yi bisimilla, sai kuma ta ji bisimillar ta yi mata nauyi a baki. Duk da haka ta danna.

An aika. Ƙarfe shida saura minti takwas.

Ta jingina da kujera. Ku bar ganin ana cewa ramuwa ba ta da daɗi, ƙarya ne, tana da shi. Auta ta ji shi har cikin ƙashinta, kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi. Ta hango fuskarsa gobe da safe. Ta hango shi yana neman wanda zai turo masa amsa a ƙarƙashin tebur, babu.

Ta miƙa hannu ta juyo wayarta.

Kiran Yaya goma sha ɗaya. Na Mama uku. Saƙo ɗaya daga Darakta, tun biyar da rabi.

Hoto ne. Ta buɗe.

Shafin ƙarshe na kwangilar batura. Ga hatimin ƙungiya. Ga sa hannun ɗan kwangila. A ɗaya gefen, inda ya kamata a ga na Darakta, wani sa hannu ne daban, mai lanƙwasa a ƙarshe kamar ƙugiya. A ƙarƙashinsa an rubuta da biro: a madadin Darakta.

Ta san ƙugiyar nan. Tun tana sakandare take yin ta.

Sai ranar ta dawo mata. Yana hanyar filin jirgi, ya kira ta a gaggauce, ya ce akwai takardu a kan teburinsa, na yau da kullum ne, ta sa musu hannu a madadinsa kafin a tashi. Sun fi ashirin. Ta sa, tana waya da wani asibiti da ɗaya hannun.

Umarnin soke zaɓin kwamiti kuwa, da baki ya bayar. Rahoton da ya rufe maganar, ita ta rubuta.

A ƙasan hoton ya ƙara layi biyu:

"Yayarki ta ce kin ambaci batura. Kafin ki yi wauta, ki nemo sunana a cikin fayil ɗin nan, ko sau ɗaya. In za ki gina ramin mugunta, Auta, gina shi gajere."

Ta koma kan kwamfuta, ta buɗe abin da ta aika. Shafi na ɗaya. Na goma. Na ashirin da biyar, tana neman sunansa. Babu shi. Babu shi. Babu shi.

Shafi na talatin da tara, ga ƙugiyar.

Wayar ta kawo haske a hannunta.

Wakiliyar masu ba da tallafi ce ke kira.